Furen roba ba ya inuwa

Duk mai riƙe da babbar waya ya ga irin hotunan nan da ke yawo a Facebook da TikTok: ɗaki fes, tukwanen shuke-shuke a gefen taga, bango launin ƙasa, kujerar katako, tabarma a shimfiɗe, wani lokaci har da ƙwarya a rataye. Masu sana'ar ƙawata gidaje a Turai da Amurka sun ce wannan shi ne yayi, wato a shigo da halittar Allah cikin gida domin zuciya ta samu natsuwa. Yayin ya iso wajenmu, sai dai ɓawon ne ya iso, ƙwayar ta tsaya a hanya. Daga kasuwar Ƙonni har ta Badagishiri abin da ake saye shi ne furen roba, da ciyawar roba ta mannawa a bango, da takardar bango mai hoton ruwa yana gangarowa daga kan dutse.

Ba ni da faɗa da ado, kowa na son idonsa ya ga abu mai kyau. Abin da nake so mu tattauna, mu iyaye da malamai, shi ne inda natsuwar gida take farawa a ƙasa irin tamu. A ganina daga inuwa da iska take farawa. Ɗakin da ba a iya barci a cikinsa a watan Afrilu ba zai kwantar wa kowa da hankali ba, ko da me aka ƙawata shi. Ilimin samar da wannan inuwa kuwa ba sai mun nemo shi a waya ba. Yana nan a hannun maginanmu, muna ta jefar da shi da hannunmu.

Zafi yana shiga halin mutum

Kowa ya san yadda bazara take tsakanin Ƙonni, Malbaza da Illela. A Afrilu da Mayu zafin rana ya saba wuce digiri 40, kwana da kwanaki a jere. To, mu ɗauki ɗakin da yawancinmu ke ginawa yanzu: bulon siminti mai rami a ciki, rufin kwano, babu silin, taga ɗaya ta ƙarfe. Kwano ba ya tare zafi. Da hantsi ya ɗauka, ya riƙa sauke shi a kan mutanen da ke ƙasa kamar murfin tukunya. Bangon bulo siriri ne, kafin la'asar zafin ya ratsa shi. Da dare in wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai ɗakin ya koma tanda.

Daga nan sai lissafi ya fara. Jariri ya kwana yana kuka, uwa ba ta runtsa ba. Maigida ya tashi da nauyin kai, magana kaɗan ta zama faɗa. Yaro ya iso makaranta ido jajir. Mu da ke tsayawa gaban allo mun san wannan zangon sarai, domin zangon ƙarshe na shekarar karatu yana faɗowa ne tsakiyar bazara, daidai lokacin da ake shirin jarrabawa. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya kawuna sun fara sauka kan tebur. Mukan ce yaran yanzu malalata ne, ko mu ce waya ce ta hana su barci. Akwai wannan. Amma ka tambayi yaro inda ya kwana, da inda yake zama in zai yi aikin gida, za ka ji amsar da za ta sa ka sassauta bulala. Yara da dama ba su da wurin da za su zauna minti talatin da littafi ba tare da gumi ya jiƙa takardar ba.

Kuma babu alamar sauƙi. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, zafin da ya game yankin Sahel har aka yi asarar rayuka. Gidan da muka gina yau, jikokinmu za su zauna a cikinsa a ƙarƙashin irin wannan rana.

Su ma masu binciken can sun daɗe da lura cewa abin da ke kewaye da mutum yana taɓa lafiyarsa. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa nazari a mujallar Science kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti na jihar Pensilbaniya a Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi kuma bangon bulo suke gani. Masu kallon itatuwa sun riga barin asibiti da kusan kwana guda, kuma ba su sha magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi kamar 'yan uwansu ba. Nazarin ƙarami ne, amma shi ya buɗe ƙofar wasu da yawa. Abin lura a nan, itatuwa ne masu rai, masu motsi da iska, waɗanda tsuntsu ke sauka a kansu. A wajenmu itace ya ma fi haka amfani, tunda bayan sanyaya ido yana sanyaya jiki.

Abin da gidan Bahaushe ya sani

Mu tuna tsarin gidan da iyayenmu suka tashi a ciki. Daga waje sai zaure, mai kaurin bango, mai ƙofa biyu da ba sa kallon juna, iska na ratsawa amma ido ba ya ratsawa. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan ake karatun allo. Daga zaure sai tsakar gida, fili ne a buɗe, ƙasa ko yashi. A tsakiya ko a gefe akwai itace: dogon yaro, ko tsamiya, ko kurna, ko magarya. Ga rumfar zana inda mata ke sussuka da tsefe da hira. Ga randa a inuwa, an kafa ta cikin jiƙaƙƙen yashi, ruwanta na sanyi saboda zufar da take yi ta jikinta. Ɗakuna kuma na laka ne, rufin azara da ƙasa, taga ƙarama can sama.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shi a banza. Bango mai kauri na laka a hankali yake shan zafi, shi ya sa tsakar rana cikin soro ya fi waje sanyi. Sai dare ya yi yake amayar da abin da ya sha, wanda hakan rahama ce a lokacin hunturu. A bazara kuwa soro kan yi ɗumi da farkon dare, kuma magabata sun san da haka, shi ya sa suka bar tsakar gida a killace yadda iyali za su shimfiɗa tabarma su kwana a waje cikin sutura. Gidan yana da wurin safe, da wurin rana, da wurin dare. Mutum na bin inuwa yana zagayawa, yaro na da ƙasar da zai yi wasa a kai, tsohuwa na da gindin itacen da za ta ja carbi.

Yanzu dubi abin da muke yi wa wannan tsari. Fili ya yi tsada, gado ya rarrabu, sai a cike fegi da ɗakuna bango da bango domin a zuba 'yan haya. Abin da ya saura na tsakar gida a malale shi da siminti, wai don tsafta, alhali simintin nan yini yake yana shan rana, ya kwana yana hura wa masu gida zafi. Itacen da kaka ya dasa a sare shi saboda ganye na ɓata wuri. Bayan an gama duk wannan, sai a je kasuwa a sayo hoton daji a manna a falo.

Yama da Dandaji

Wanda ke ganin ginin ƙasa aikin rashin wayewa ne, ya ɗan leƙa ƙauyen Yama, a yankin Badagishiri cikin gundumar Illela. A 1962 mutanen garin suka sa wani magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina musu masallacin Juma'a da laka. A 1975 ya sake masa rufi da bakan gizo da tulluwa a tsakiya, daga baya ya ɗaga hasumiya huɗu a kusurwoyinsa, kowace da kamanninta, aka kammala a 1982. Jama'ar gari ne suka yi aikin, wani ya kawo ruwa, wani ya kwaɓa ƙasa, wani ya kawo itace. A 1986 wannan masallaci ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ke cikin manyan kyaututtukan duniya a wannan fanni. Ana koyar da shi a makarantun zanen gini na ƙasashen waje. Ɗalibanmu nawa ne suka taɓa jin sunan Falke Barmu a aji? Mun mayar da shi inuwar giginya, na nesa ka sha.

A Dandaji kuma, nan cikin jihar Tawa, akwai wani tsohon masallacin laka da aka so a rushe a gina sabo. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. Sabon da bulon jar ƙasa aka yi shi, wanda ake matsewa da inji, aka tsara shi yadda iska za ta riƙa ratsawa, aka dasa itatuwa a harabar. An kammala a 2018, ana kiran wurin Hikma. Abin da zai ba ka dariya, gidauniyar kamfanin LafargeHolcim, ɗaya daga cikin manyan masu yin siminti a duniya, ita ce ta ba wannan aiki lambar zinare ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. Masu sayar da siminti sun yaba wa ƙasa, mu masu ƙasar muna jin kunyarta.

Ai laka rushewa take yi

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Daminar 2024 ta rushe dubban gidaje a Nijar, yawancinsu na laka, har tsohon masallacin Damagaram da ya haura shekara ɗari da hamsin ya faɗi a watan Satumba. Wanda ya kwana yana tsoron bango ya faɗo wa 'ya'yansa, ba za ka yi masa wa'azin sanyin soro ba. Ga wahalar yaɓe duk shekara, samarin da za su yi shi sun tafi ci-rani. Azara ta yi wuya ta yi tsada, domin giginya ta ƙare a wurare da dama. Ga gara. Ga kuma bakin mutane: wanda ya dawo daga neman kuɗi ya gina laka, sai a ce bai samo ba. Haka nan ba duk abin da ya fito daga daji ne ke da aminci ba. Gobarar azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar ta ci rayukan yara ƙanana da dama, kuma babu malamin da ya manta.

Saboda haka ba cewa nake a koma jiya ba. Malbaza na yin siminti tun shekarun 1960, arzikinmu ne, iyalai da yawa na ci daga gare shi. Magana ita ce a sa siminti inda aikinsa yake. Ruwa ta wuri biyu yake kashe ginin ƙasa: ta ƙafa da ta ka. In aka yi harsashi da dutse da siminti, aka ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, aka guji gini a kan hanyar ruwa, aka yi rufi mai baki da ke kare bango, aka gyara indararo kafin damina, bangon ƙasa na iya daɗewa ƙwarai. Dutse kuwa ba ma rasa shi a ƙasar Adar. Bulon ƙasa da ake matsewa, irin na Dandaji, siminti kaɗan ake zuba masa ya ƙara ƙarfi. Matsalar azara ma an daɗe da nemo mata mafita: tun 1980 aka fara koyar da magina a Nijar ginin da ba ya bukatar itace, rufin tulluwa da baka na bulon ƙasa zalla. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa yadda iska ke wucewa tsakani tana kwashe zafi. Kwano na kare ruwa, ƙasa na kare zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker.

Abin da ya rage mana shi ne maganar bakin mutane, kuma wannan aikinmu ne mu masu albashi. Duk abin da malami da ma'aikaci da alhajin gari suka gina, shi talaka zai ɗauka a matsayin ci gaba. Ranar da aka ga mai hali ya gina bulon ƙasa da gangan, ya bar fili ya dasa itace, ranar kunyar za ta fara gushewa.

Daga ina za a fara?

Mai shirin gini ya zauna da magini tun kafin a haƙa harsashi, a yi maganar rana da iska kamar yadda ake maganar yawan buhunan siminti. Bangon yamma shi ke shan zafin la'asar, kada a jingina ɗakin kwana da shi in da hali, ko a kare shi da rumfa ko itace. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango daban-daban, da 'yar kafa can sama inda iska mai zafi za ta fita. A ɗaga rufi, a sa silin ko da na tabarma ne. A bar tsakar gida, ko da za a rage ɗaki ɗaya. Kuɗin hayar ɗakin nan ba zai sayi barcin da za a rasa ba.

Wanda ya riga ya gina, bai makara ba. Farin fenti a bayan kwano na mayar da hasken rana, yana rage zafin da ke sauka. A fasa wani sashe na daɓen siminti a dasa itace, nesa da bango da masai saboda saiwa. Dogon yaro ba ya son ruwa da yawa, kuma mun ga aikinsa a kwarin Majiya, inda aka fara dasa shi layi-layi tun 1975 domin tare iska. Zogale na saurin girma, ga miya ga kwaɗo. Lalle na yin shinge mai ƙamshi. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka ya ishi dashe ɗaya ko biyu, a dai tabbatar yana nutsewa, kada ya kwanta ya tara sauro.

Ɗan haya ma yana da rabonsa. Tsohon bokiti ko jarka da aka yanke na ɗaukar na'ana'a, ko barkono, ko yakuwa. Asabari a bakin taga ya fi labule mai kauri barin iska ta shiga. Tabarmar kaba ta fi kafet sanyi a bazara, kuma ba ta tara ƙura. Randa ba ta san an ɗauke wuta ba.

Sai iyayen amare, kuma a nan ina roƙon iyayenmu mata su yi mini haƙuri. Jere al'ada ce mai kyau, tun zamanin ƙwarya da faifai har zuwa na tasoshi. Amma yau ana cika ɗaki da gado da kujeru da sif har a toshe tagar da ita kaɗai ce, a rufe bango da labule, a shimfiɗa leda da kafet, a ɗora furen roba a kai. An ci bashi an yi wa yarinya ɗakin da za a ɗauki hoto, ba wanda za ta yi jego a cikinsa ba. Ku bar mata taga. Ku bar mata wurin shimfiɗa tabarma. Cikin kayan da za a kai, a haɗa da dashen lemun tsami ko na mangwaro guda biyu. Kafin ɗan fari ya shiga makaranta ya samu inuwar yin karatu, a lokacin furen roba ya daɗe da koɗewa.

Mu malamai kuma muna da dama a hannu. Tun 1975 ake dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta a faɗin Nijar, amma ranar na faɗowa cikin babban hutu. Abin da aka dasa a harabar makaranta sau da yawa awaki sun gama da shi kafin a koma aji a Oktoba. Me zai hana kowane ɗalibi ya tafi da dashensa gida, ya yi masa kariya da ƙaya, ya riƙa auna tsawonsa yana rubutawa a littafi? Ga lissafi, ga kimiyya, ga tarbiyya. A darasin zafi, a kai yara su taɓa bangon laka da na bulo da tsakar rana, su faɗi abin da suka ji. A gayyato tsohon maginin unguwa ya yi musu bayanin tubali da makuba da bakan gizo. Makarantun da ke kusa su shirya ziyara Yama ko Dandaji, gani ya kori ji. Kuma in yaro ya yi gyangyaɗi a watan Mayu, a tambaye shi inda ya kwana kafin a hukunta shi.

Addininmu ya koya mana cewa dashen itace sadaka ce mai gudana muddin mutum ko dabba ko tsuntsu na amfana da shi. Damina mai zuwa, kowane gida ya ware taku biyu na ƙasa ya dasa wani abu mai rai, ya ba yaro amanar shayar da shi. Allah ya sanyaya mana gidajenmu, ya shirya mana zuri'a.